Farar Ƙasar Tafkin Ɗunya

"Tun yaushe taka cin ta?"

Arzika yana durƙushe a bakin ramin, dagi a hannu, ya ƙura ido ga abin da ya gangaro gabansa.

"Da kai nika magana, Arzika. Matakka, tun yaushe taka cin wagga ƙasa?"

"Tun da munka yi dashe, Yaya."

Malami, wansa, ya tuɓe hula ya dafe kai. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun dashe! Ga albasa har ta soma yin kai."

Randa ce babba, a kife cikin ƙasa, gindinta sama. Gefenta ya fashe tun ranar da Arzika ya fara haƙar rijiyar ban ruwa a wurin, kuma ta wannan fashewar yake zura hannu yana ɗebo wata ƙasa fara sol, mai laushi kamar gari. Yau da safe ya zura hannu ya ji ta yi nisa, sai ya sa dagi ya ƙara buɗe bakin. Abin da ya biyo dagin wani ɗan muƙamuƙi ne da bai cika tafin hannu ba, da 'yan haƙora a jere kamar ƙwayoyin shinkafa. Can ciki kuma ga ƙoƙon kai, ga wasu 'yan duwatsun ado shuɗɗa da zarensu ya ruɓe suka warwatse. Yaro ne. Wani yaro ne aka naɗe cikin randar nan, aka cika ta da farar ƙasa, aka kife, tun zamanin da ba wanda ya sani.

Shekarar da soja suka karɓe mulki ce, shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Tafkin Ɗunya, wanda tsofaffin ƙauyensu da ke yamma da Shagari suka ce ko kakanninsu ba su taɓa ganin gindinsa ba, ya yi ta janyewa har ya koma tsattsagaggiyar laka. Da ruwan ya tafi, sai ga gari ya fito. Tushen ɗakuna a jere, wasu zagayayyu wasu masu kusurwa. Tsingaro ko'ina, ba ka taka ƙasa ba ka ji ƙaras a ƙarƙashin takalminka ba. A tsohuwar gaɓa akwai manyan duwatsu masu huda inda aka ce nan ake ɗaure jirage, da 'yan dunƙulen yumɓu irin waɗanda masunta ke ratayawa a bakin taru. Tsofaffi suka ce garin masunta ne tun kafin jihadi, ba a san sunansa ba, ba a san abin da ya cinye shi ba. Mata suka daina bi ta wurin. Makiyaya ma zagaye suke yi da shanunsu.

Amma duk faɗin ƙasar, nan kaɗai laima ta rage. Yunwa kuwa ta fi tsoro ƙarfi. Arzika da Malami suka yi bisimilla suka ja fangalin albasa tsakanin tushen ɗakunan mutanen da, suka kafa jigon ɗebo ruwa, kuma yanzu koren lawashin nan shi ne abincin gida biyu da tsohuwa ɗaya har damina ta dawo, in za ta dawo.

"Mi yas sa ka ba ta?" in ji Malami. "Kai ba ka da hankali? Ƙasar kufai?"

"Kuka taka yi, Yaya. Ka san kwaɗayin masu ciki. Farar ƙasa taka so, ta kasuwa ta ɓace. Naz zo haƙa nag ga wagga, na ɗanɗana, na ji ba gishiri ba ɗaci. Na ce Allah na ya kawo mata." Muryarsa ta karye. "Wallahi daɗi nij ji ranar. Har gudu niy yi zuwa gida."

Malami ya waiga gabas da yamma. Ba kowa sai balbelu can nesa suna tsintar abin da ya rage a laka. Ya rage murya duk da haka.

"Saurara. Wagga magana ta mutu nan. In gari yaj ji, ɗan da za ta haihwa ba ya da suna sai ɗan kufai, ba mai bari ɗiyanai su yi wasa da shi. Wannan ɗaya. Na biyu, ka tuna hoton da Malam Ummaru na furamare yan nuna muna a littafinai? Wani tsohon gari a bakin teku, can ƙasar Turawa, an zagaye shi da waya, ko akuya ba ta shiga. Yac ce in mutanen gwamnati masu tonon kayan da sunka ji an samu wani abu nan, haka za su yi muna. Su kafa waya, su kore mu. To mi za mu ci? Tsingaro?"

"Ita fa, Yaya? Abin da ac cikinta fa?"

"A karɓo mata rubutu, a yi shiru. Kuma kada ka kuskura ka hwaɗa mata. Ka san yadda take da firgita. Tahi gida, ni zan ruhe."

Arzika ya tashi. Ya bar wansa a bakin ramin da fartanya a hannu.

Ya san yadda take da firgita. Wa ya fi shi sani? Cikinta na farko ya zube ne ranar da gobara ta kama rumbun maƙwabta, ta fito da gudu ta ga harshen wuta ya haura danga. Na biyu ya kai watanninsa, ya zo bai yi kuka ba. Maza suka ɗauke shi cikin 'yar tabarma, ita kuwa ba ta ga inda aka sa shi ba sai bayan ta yi arba'in, da suka bi ta gefen maƙabarta ta hango ɗan tudu da ƙaya a kansa. Ranar ba ta ci abinci ba. Da wannan cikin ya shiga, ungozoma ta kira Arzika gefe ta ja masa kunne: ko kaza ce ta mutu, kada a faɗa mata da gaggawa. Yanzu cikin ya tsufa, ya fito gaba, yaron na harbi har ana gani ta saman zane. Duk duniya ba abin da Arzika ke so kamar ya ji kukan wannan yaron.

Ya same ta a inuwar darbejiya tana tsince wake, ƙafafunta a miƙe. Safinatu 'yar Bodinga ce, doguwa, mai wushirya, mai dariyar da ke sa mutum ya manta bai karya ba. Da ta gan shi sai fuskarta ta washe.

"Sarkin albasa ya dawo da wuri! Ko talakawanka sun ƙoshi da ruwa?"

"Rana ta yi zahi," ya ce.

"Zo, zo ka zauna, ɓarawon zuciya. Kana tsammani ban gani ba?"

"Mi kig gani?"

Ta ɗaga hannunta na hagu. A wuyan hannun akwai baƙin zare, a jikin zaren kuma wani ɗan dutsen ado shuɗi, ƙanƙane kamar ƙwayar dawa, yana ɗaukar ido a rana.

"Cikin ƙasar da ka kawo shekaranjiya nis same shi, saura kaɗan in haɗiye. Na ce dibi mutumin ga, ba ya iya ba mace kyauta hannu da hannu sai ya ɓoye. Na aje ma mai zuwa. In mace ta, a wuya za ni ɗaura mata, in namiji na, sai ya yi haƙuri ya sa hakanan."

Ta yi dariya. Arzika ya ji tsigar jikinsa ta tashi tun daga ƙeya har dugadugai. Yana kallon dutsen a kan fatar matarsa, yana ganin 'yan'uwansa a warwatse kusa da ƙoƙon kan nan.

Sai ta jawo wata 'yar langa mai murfi daga ƙarƙashin tabarma, ta buɗe, ta tsakuro farar ƙasar da yatsu biyu, ta nufi baki.

"Aje!"

Tsawar ta sa kaji suka watse. Safinatu ta zabura, ƙasar ta zube a cinyarta, hannunta ya tafi kan ciki. Idanunta suka cika da ƙwalla nan take. Tunda aka ɗaura musu aure bai taɓa ɗaga mata murya ba.

"Maigida, lahiya?"

Ya durƙusa gabanta, ya kama hannun da ke kan cikin. Ga shi garin gudun firgita ta, shi da kansa ya firgita ta.

"Yi haƙuri, Safi. Yi haƙuri don Allah. Awaki nig gani sun yi fitsari inda nika ɗiba. Ƙyama niy yi miki."

Ta dube shi, ta share ido da bakin zane, sai kuma murmushi ya dawo kaɗan. "Shi ke nan? Ai wagga ta shekaranjiya ta, awakin yau ba su san da ita ba. Kai dai rowa kaka ji."

Ya yi ta lallashi har ta mayar da murfin. Da aka kira azahar ta shiga ɗaki ta kabbara, shi kuwa ya lallaɓa ya juye ƙasar cikin wani tsumma. Ya nufi juji zai zubar, sai hannunsa ya ƙi. Ta yaya zai zubar da makwancin ɗan mutum a kan kashin awaki? Ya ƙulle tsumman ya cusa a aljihun rigarsa.

Da la'asar ta gane ya juye ƙasar. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Zama ta yi a bakin ƙofa da langar a cinya, hawaye na bin kumatunta.

"Bakina ɗaci shika yi, Maigida. Ba ka san yadda abin yake ba. Ji nika yi kamar wani na jan hanjina yana roƙo. Ba ni ka so ba, shi ka so." Ta nuna cikin.

Shi ke so. Kalmar ta tsaya wa Arzika a rai. Wane ne shi? Nasa yaron, ko wancan na cikin randa?

Inna Kaltume, mahaifiyarsu, ta leƙo daga ɗakinta da carbi a hannu. "Kai, mi ka yi ma ɗiyar mutane? Ba a hana mai ciki abin da ranta ka so, ɗa ka hitowa da tabo. Ka tashi ka nemo mata."

"Gobe kasuwar Bodinga, Inna. Da sassahe zan tahi in samo mata ta gaske."

Washegari ya hau akori-kurar Mode, wadda ke kwasar 'yan kasuwa daga ƙauyukan Shagari. Mode direba ne mai baki, ba abin da ke shiga motarsa ya kwana bai zaga gari ba, don haka Arzika ya koma can baya cikin buhuna ya yi shiru, hannunsa a kan aljihu. Ƙullin bai fi ƙwan kaza ba, amma ji yake kamar dutsen niƙa ya rataya.

Kasuwar ta cika da mutane, ta rasa kaya. A ƙofar wani kanti an ja dogon layi na sabulu da madara, soja na tsaye da bulala yana daidaita shi. Arzika ya ratsa ta rumfunan 'yan kanwa da kayan yaji yana tambaya, kowa na kaɗa kai, har aka nuna masa wata tsohuwa, Hajjo, wadda aka ce in ba ta da ita to babu.

"Farar ƙasa?" Hajjo ta tafa hannu. "Ɗana, daga wace duniya kaz zo? Tun da anka ruhe iyaka ban ƙara sa ta a ido ba. Amarya ta da ciki?"

"Awo, Inna."

"Allah shi raba lahiya. Ka ba ta haƙuri, ka sai mata goro ko tsamiya ta tsotsa. Amma kada ka bari ta bi bango tana ƙwaƙula, ka ji ko? Wata yarinya nan Dingyadi, ƙasar wata tsohuwar rijiya tay yi ta ci a ɓoye, sai da ɗan ya daina motsi sannan anka kwaso ta. Malaman asibiti sunka yi ta hwaɗa, sunka ce da an zo da wuri an gaya musu abin da tac ci."

"Ɗan fa?" in ji Arzika. Bai gane muryarsa ba.

Hajjo ta juya tana gyara tallenta na barkono. "Allah dai shi kyauta, ɗana."

Bai san yadda ya fita daga kasuwar ba. Bai jira Mode ya gama lodi ba, ya tari wata motar da za ta wuce Shagari, ya sauka a mararraba ya kama hanyar ƙauye da sassarfa. Duk tafiyar lissafi ɗaya yake yi: yau da safe, kafin ya fito, ya ga cikin ya motsa ko bai gani ba? Ya tuna ta ba shi ruwan alwala. Ya tuna ta ce ya sayo mata mai yawa. Motsin ne ya kasa tunawa.

Rana ta karkata lokacin da ya yi sallama a gida. Inna Kaltume ce kaɗai a tsakar gida tana kaɗi.

"Ina Safinatu, Inna?"

"Tac ce za ta gidan Shatu mai kitso. Tun bayan azahar."

Ya leƙa ɗaki. Langar ba ta nan. Ya dubi bayan ƙofa inda yake rataye 'yar fartanyarsa, ita ma ba ta nan.

Bai tsaya tambayar Shatu ba. Ya fita da gudu, ya bi ta bayan gari, ta cikin gonakin da karan gero ya bushe a tsaye bai kai gwiwa ba. Takalminsa ɗaya ya tsinke ya bar shi nan. Yana gudu yana addu'a, addu'ar kuma guda ce: Allah Ya sa Yaya ya rufe da kyau. Allah Ya sa ya baje wurin ya zama kamar ko'ina, ta duba ta rasa, ta gaji ta dawo tana zaginsa. Ai Malami mutum ne mai tsare aiki. Ai shi ya ce maganar ta mutu.

Da ya hau tsohuwar gaɓa, wajen duwatsun nan masu huda, sai ya hango ta. Tana zaune a ƙasa tsakanin fangalin albasa, ta ba shi baya, ba ta motsi. Ya sauka yana tuntuɓe da tsingaro. Da ya matso ya ga abin da take kallo, sai ƙafafunsa suka tsaya da kansu.

Malami ya rufe da kyau. Ya rufe yadda hannunsa ya saba. Shekara da shekaru shi ke shiga rami in an yi rasuwa a ƙauyen, kuma jiya da ya tsaya shi kaɗai da ƙasusuwan yaro a gabansa, hannun ya yi abin da ya sani. Ya tara ƙasa ya yi ɗan tudu mai tsawo, kudu da arewa. Ya yayyafa ruwa ya lallaɓe shi sumul. Ya kafa tsingaro ɗaya a kai ɗaya a ƙafa. Sannan ya saro reshen ƙaya ya ɗora, don kada karnuka su tona. Duk wanda ya taɓa wucewa ta gefen maƙabarta, ko daga nesa ya hango, ya san ko mene ne wannan. Kewaye da tudun kuma ga farar ƙasa nan a warwatse, fara sol a kan baƙar laka.

"Safi," ya ce a hankali.

Ba ta juyo ba. Langar na gefenta a buɗe, fartanyar na kwance ba a taɓa ƙasa da ita ba.

"Daidai tsawon nawa," ta ce. "Wanda anka kai bara. Daidai."

Ya zube a gabanta. Fuskarta ta yi fari kamar ƙasar, leɓɓanta sun bushe, idanun a buɗe amma ba hawaye. Rashin hawayen ya fi komai ba shi tsoro.

"Ɗan wa na, Maigida?"

"Ba a sani ba. Na mutanen da na. Cikin randa anka sa shi. Wallahi ban sani ba sai jiya, Safi, wallahi da na sani da hannuna ya guntule kahin..."

"Shi niy yi ta ci?"

"Ƙasar da anka ruhe shi da ita."

Ta sunkuyar da kai ta dubi wuyan hannunta. Ɗan dutsen shuɗi na nan a jikin zare. Ta daɗe tana kallonsa, sannan jikinta ya ɗauki rawa, tun daga kafaɗu har yatsu, haƙoranta na haɗuwa kamar mai zazzaɓi. Ya riƙe ta. Ta kama hannunsa ta ɗora a kan cikinta, ta danne da ƙarfi.

"Ji. Ka ji wani abu?"

Ya saurara da tafin hannunsa, da dukan jikinsa. Zane ne mai ɗumi, da numfashinta mai sauri. Ba harbi. Ba ko ɗan shuri.

"Tun yaushe?"

"Tun hantsi ban ji shi ba. Na ce yunwar ƙasar shika ji, shi yas sa niz zo in ɗebo mai." Sai a lokacin kukan ya ɓalle. "Na ce in ya ɗanɗana ya tashi. Maigida, ya yi shiru. Irin shirun wancan."

Wata iska mai zafi ta ratsa lawashin albasa, ta bi ta hudar duwatsun gaɓa tana wani siririn kuka. Arzika ya dubi tushen ɗakunan da suka kewaye su. A nan wata mata ta taɓa zama, ta taɓa huda dutse ta ɗaura wa ɗanta, ta taɓa kallo aka kife randa a kansa. Garin duka ya tafi, har sunansa, ya bar wannan yaron shi kaɗai ƙarƙashin ruwa, sai ga shi shi Arzika ya zo da dagi. Tsoro ya cika masa ƙirji.

"Kai! Mi ya kawo ta nan?"

Malami ne, guga a kafaɗa, ya zo ban ruwan yamma. Ya yar da gugan ya ƙaraso da sauri, ya dubi ƙaninsa, ya dubi matar, sannan ya dubi tudun. A fuskarsa aka ga lokacin da ya gane abin da hannunsa ya aikata.

"Subhanallahi," ya ce. "Ni dai na ga ba ya kyautu a bar shi hakanan ba..."

"Ɗan bai motsa ba tun hantsi, Yaya."

Malami ya durƙusa nesa kaɗan, ya kau da kai kamar yadda ya saba in yana magana da matar ƙaninsa. "Safinatu, ki yi haƙuri, ki yi ta salati. Yara na yin kwana a ciki. Mu tahi gida a hankali, in je wurin Liman in karɓo rubutu, Inna ta yi miki hayaƙi. Kahin sahiya za ki ji shi, in Allah Ya so. Ni kuma yanzu in baje wanga tudu, ba wanda yag gani."

"In bai motsa ba kahin sahiya fa?" in ji Arzika.

"Sai a san abin yi."

"Asibiti za su tambayi abin da tac ci."

"Sai ka ce ta kasuwa ta!"

"Ba ta kasuwa a ƙasar ga, kowa ya sani. Kuma in na yi musu ƙarya, maganin ƙarya za su ba ta."

Malami ya miƙe tsaye, shi ma tsoron ne ke cin sa. "To motar wa za ka shiga? Ta Mode? Kahin ku kai Bodinga, ƙasar ga duk ta ji. Jibi masu waya su iso. Dibi albasar ga, Arzika, dibe ta! Ɗiyana huɗu, ga Inna, ga ita kanta mai jegon in ta sauka, mi za ka ba ta? Kuma ɗan, in ya zo, ka san sunan da za su laƙa mai har ya tsuhwa."

Arzika ya dubi albasar. Kore shar, ita kaɗai ce kore a duk iyakar ganin ido. Kowane fangali da guminsa a ciki. Gaskiya wansa ya faɗa, ba ƙarya ko ɗaya.

Safinatu ta sa haƙori ta tsinke baƙin zaren, ta zare ɗan dutsen, ta rarrafa da gwiwa zuwa tudun. Ta ɗaga reshen ƙaya, ta yi ɗan rami da yatsa wajen kai, ta sa dutsen ta rufe.

"Ga abinka," ta ce da ƙaramar murya. "Uwakka ta ba ka, ba ni ba. Ka yahe mini. Ka bar mini nawa."

Arzika ya zaro ƙullin daga aljihu. Ya kwance tsumman, ya juye farar ƙasar a gindin tudun, ya shafe da tafin hannu, ya mayar da ƙayar yadda take. Can nesa, wajen mararraba, ya ji ƙugin akori-kura tana dawowa daga kasuwa, tana tari a kan gangare.

Ya sa hannu ya ɗaga matarsa tsaye, ya ɗora hannunta a kafaɗarsa. Malami ya sha gabansu.

"Arzika, ina za ka? Ni na wanka, da kai nika magana!"

Arzika ya dube shi ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun suna yara, ya ɗaga murya har ta amsa a cikin kufan.

"Kada ka taɓa kabarin ga, Yaya. Ka karɓo rubutun ka biyo mu da shi. Ni yanzu zan tare Mode in kai ta Bodinga, kuma da bakina zan hwaɗa musu abin da tac ci da inda niɗ ɗebo shi. Su kafa waya, su kira shi ɗan kufai, ni dai in ji kukanai!"